Nasiru, Kada Ka Bar Magani Saboda Teɓa

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga ɗana Nasiru, daga mahaifinka a Roni. Ina fata ka isa Babura lafiya, ka sami ɗakin da aka ce an tanadar maka, ka kuma tarar da shugaban makarantar da sauran malamai cikin ƙoshin lafiya. Allah ya sa ka shiga aikin koyarwar nan da ƙafar dama, ya tsare ka a hanya da masauki, ya haɗa ka da mutanen kirki. Mahaifiyarka tana gaishe ka, kawunka Haruna ma haka.

Ba don in ba ka labarin gida na ɗauki biro ba. Gida yana nan yadda ka bar shi. Na zauna rubutu ne saboda magana da kai ta baki ta gagare ni. Idan na kira ka a waya ba abin da nake ji sai "To Baba, to Baba," har in gaji in kashe, alhali na san tun kalma ta biyu hankalinka ya bar wurin. Takarda kuwa za ta zauna a ɗakinka. Ko ka jefa ta ƙarƙashin katifa, wata rana za ka ɗaga katifar.

Ranar da za ka tafi, kana tsaye a tsakar gida kana fama da kaftanin da aka ɗinka maka da sallar bara. Ya kama ka a ciki, maɓallin wuya ya ƙi shiga. Mahaifiyarka ta ce ka bar shi a kai wa tela ya ƙara masa ƙyalle a gefe. Sai ka ce, ba ka ko kalli kowa ba, "Ba sai an kai ba, Umma. Idan na je can zan rage maganin nan, jikin zai koma daidai."

Na ce, "Me ka ce?"

Ka ce, "Baba, ai na warke. Yaushe rabon da in ji wani abu? Ku dubi yadda na koma. Yara dariya za su riƙa yi min a aji."

Na ɗaga murya, na sani, har maƙwabta sun ji. Kai kuma ka saɓa jakarka ka ce, "Baba, ba za ka gane ba," ka hau babur ka tafi.

Ba zan gane ba! Ni? Nasiru, tun kana rarrafe nake haɗiyar maganin ciwon nan. Ciwon da ya kama ka kana makarantar horon malamai, mai sa mutum ya ji muryoyin da babu mai yin su, ya zargi wanda bai yi masa komai ba, wanda likitoci suke kira sikizofireniya, shi ne ya kama ni ina akawu a sakatariya. A asibiti ɗaya aka kwantar da mu a Kazaure, ni da kai, shekaru ne kawai a tsakani. A duk faɗin Roni in akwai mutum ɗaya da ya san yunwar da kake ji, ni ne. Amma ni ne kuma wanda ba zai gane ba. To, zauna ka karanta yadda ban gane ba.

Lokacin da aka sallamo ni karo na farko, na dawo gida ƙashi da fata, domin na daɗe ba na yarda da abincin kowa. Aka ɗora ni a kan magani, muryoyin suka yi shiru, barci ya dawo. Sai yunwa ta zo. Ba irin yunwar da na sani ba ce, ta mutumin da ya wuni a gona. Zan cinye tuwo malmala uku, in suɗe kwano, in wanke hannu, kafin hannun ya bushe cikina ya fara kira kamar ban sa masa komai ba. Cikin a cike yake, ina jin nauyinsa, amma ƙoshin bai zo ba. Ka san wannan abin. Na sha ganin ka kana kallon tukunya bayan an gama cin abinci, kana yi kamar ruwa ka zo nema.

Kakarka Inna, Allah ya jiƙanta, murna ta yi ta yi. Ta ga ɗanta da ya ƙi abinci ya dawo yana neman ƙari. Kullum sai ta aiko da wani abu daga ɗakinta, yau funkaso, gobe fura da ta sha sukari har cokali yana tsayawa. Idan mahaifiyarka ta ce, "Inna, ai yanzu ya tashi daga kan tuwo," sai ta ce, "Bar shi ya ci, lafiya ce take shigarsa." A masallaci kuwa, duk wanda ya ba ni hannu sai ya ce, "Malam Sabo, masha Allah, jiki ya yi kyau!" Ni ma na yarda. Na ɗauka kowace loma shaida ce ta cewa na warke. Ban taɓa hawa sikeli ba, ban faɗa wa likita komai ba, domin a ganina ba a kai ƙarar alheri.

Don haka abu na farko, kada ka auna lafiyarka da bakin mutane. A ƙasar nan idan ka yi ƙiba za a ce hutu ya karɓe ka, idan ta yi yawa su ɗin ne za su koma yi maka dariya. Waɗanda suka ce min jiki ya yi kyau, su ne bayan an kwana biyu suka sa min suna Rumbu. Ba da mugunta ba, raha ce a wurinsu. Amma babu ɗaya daga cikinsu da ya san abin da ke gudana a cikin jinina, ni ma ban sani ba.

Mahaifiyarka ce ta fara cewa wani abu. Wata rana da hantsi ta ga na karya kumallo, na koma na ɗebi ɗumamen da ta ajiye wa yayyenka. Ta ce, "Malam, wannan cin ba na lafiya ba ne. Ka faɗa wa likita."

Na ce, "Abincin gidana kike min gori a kai?"

Ta ce, "Ba gori ba ne. Numfashinka nake ji idan ka sunkuya ɗaura takalmi."

Da na yi hankali da na gode mata. Sai na yi fushi, na mai da cin nawa waje. A gida in ci kaɗan don ta gani, in na fita in tsaya wurin mai shayi a bakin tasha, burodi da shayi mai kauri, da rana ƙosai, da la'asar lemon kwalba mai sanyi, wani lokaci biyu. Ina ci ina waige kamar ɓarawo. Kunya ce ta yi min wannan. Na ɗauka ni mutum ne marar kamun kai, mai haɗama, kuma ban so kowa ya gani.

Wannan shi ne ya fi tsorata ni game da zamanka a Babura. A nan ko ba komai akwai idon mahaifiyarka. A can kai kaɗai ne a ɗaki, ba ka iya girki ba, ga mai shayi a kowace kwana yana soya taliya da ƙwai. Ba wanda zai ce maka ya isa. Ka nemi abokin cin abinci a cikin malaman nan, ku riƙa haɗa kwano. Mutum yana ci a hankali idan ana hira, kuma yana jin nauyin miƙa hannu karo na uku. Abin da duk ka ga kana so ka ci a ɓoye, to ka tsaya ka tambayi kanka dalili. Yunwar nan ba abin kunya ba ce, ba kai ka ƙirƙire ta ba. Ɓoye ta ne yake ba ta ƙarfi.

Sai na zo kan babbar wautar, wadda kake shirin maimaitawa kamar gado na bar maka ita. Da nauyi ya ishe ni, hawa keke ya zama aiki, sujada ta zama aiki, na lura da kaina cewa tun da na fara magani abin ya faro. Na ce to, ai na gano ɓarawon. Ban yi shawara da kowa ba. Na fara da raba ƙwayar biyu, daga nan na koma sha yau in tsallake gobe, daga nan na bari gaba ɗaya.

Bari in gaya maka gaskiyar da za ka so ji, don kada ka ce na ɓoye. Da farko daɗi na ji. Jikina ya yi sakayau, nauyin barcin safe ya tafi, yunwar ta lafa, tazugen wandona ya fara ragowa. Na riƙa cewa a raina, ashe likitoci ne suke riƙe ni a banza. Haka kai ma za ka ji, kuma za ka kira mahaifiyarka ka ce, "Umma, kin gani ko?" Wannan daɗin shi ne tarkon. Ciwon ba ya dawowa ranar da ka bar magani. Yana bari sai ka saki jiki.

Nawa ya dawo a hankali. Na fara jin kamar rediyon da ke ofishinmu da ni yake. Idan abokan aiki biyu suka yi magana ƙasa-ƙasa, na tabbata sunana suke kira. A gida na daina cin girkin mahaifiyarka, matar da ta yi jinyata, wai an ba ta wani abu ta zuba min. Ka ga ramar da nake nema na same ta, amma ta wace hanya? Ranar da abin ya fashe, da rana tsaka ne, ofis cike da mutane. Na miƙe na nuna wani bawan Allah da muka yi shekaru muna zama tebur ɗaya, na ce shi ne yake kai rahotona, na ɗaga rediyon na buga da ƙasa. Aka aika aka kira kawunka Haruna. Shi ya rungume ni ta baya, yana cewa, "Yaya, ni ne, Haruna ne," ni kuwa ina ce masa shi ma da shi aka haɗa baki. A bayan mota a-kori-kura aka kai ni Kazaure, yana riƙe da ni har muka isa.

Mutanen ofis sun rufa min asiri, Allah ya saka musu. Ba a kore ni ba. Amma an ɗauke ni daga teburina aka mai da ni inda ba a ba ni komai sai zama, a nan na tsaya har na yi ritaya. Wannan a gaban manya ke nan, waɗanda suka san ni, suka san ubana. Kai a gaban wa zai same ka? A gaban yara 'yan aji, a garin da ba wanda ya san ka, ba kuma Haruna a kusa. Kana tsoron yara su yi dariyar cikinka. Dariyar yara ta sati ɗaya ce, idan ka iya koyarwa za su manta. Wancan abin kuwa har su tsufa suna ba da labarinsa.

Da na dawo hayyacina, likitar da ke duba ni ta zaunar da ni. Ba ta yi min faɗa ba, abin da ya fi faɗan ciwo ke nan. Ta ce, "Malam Sabo, me ya sa ka bar magani?"

Na ce, "Likita, ya mai da ni rumbu. Ina ci ba na ƙoshi."

Ta ce, "Tun yaushe?"

Na ce, "Tun farko."

Ta ajiye biro ta ce, "Duk zuwan da kake yi ina tambayar ka ko akwai damuwa, kana cewa lafiya lau?"



Ita ce ta yi min bayanin da zan maimaita maka, ko da yake na san an yi maka irinsa kana danna waya. Ta ce yunwa da ƙoshi ba a ciki kaɗai suke ba, saƙo ne da ke tafiya a jini zuwa ƙwaƙwalwa. Idan ciki ya zama wayam, yana sakin wani sinadari, girelin, mai cewa a kawo abinci. Kitsen jiki shi ma yana sakin nasa, leftin, mai cewa akwai ajiya, a dakata. A mai lafiya su biyun suna daidaita juna. Maganinmu kuwa, garin kwantar da muryoyi, a jikin wasu mutane yana taɓa wurin da ake karɓar saƙon ƙoshi. Sai ya zama kitse ya taru, saƙon dakatawa yana ta zuwa, amma ba a amsa shi yadda ya kamata. Ta ce akwai na uku, insulin, wanda aikinsa kwashe sukari daga jini ya shigar da shi naman jiki. Idan kitse ya taru a ciki, jiki yakan daina jin maganarsa, sukari ya yi ta yawo a jini, maiƙo ya ƙaru, hawan jini ya biyo baya. Wasu magungunan ma, in ji ta, suna iya taɓa sukarin mutum tun bai yi wata ƙiba ba. Ta ce ba duka abin aka gama ganewa ba, har yanzu ana bincike, kuma jikin kowa da yadda yake karɓa. Amma abu ɗaya ta tabbatar min, magungunan ba iri ɗaya ba ne. Wani ya fi wani sa ci.

Ta ce, "Da ka faɗa min, da mun gwada wani, a hankali, ina lura da kai. Ba sai an kawo ka a bayan mota ba."

Ta canza min. Yunwar ba ta tafi duka ba, amma ta ragu har ana iya zama da ita. Ka ji abin da nake ta ƙoƙarin cusa maka a kunne a tsakar gida. Ƙorafinka gaskiya ne. Maganin yana sa ka ci, yana sa ka ƙiba, ba ƙarya ka yi ba. Amma wurin kai ƙorafin ka ɓata. Ba kai za ka yanke hukunci kai kaɗai a ɗaki ba. Ka je ka zauna gaban likita ka buɗe baki ka ce, "Ina ci ba na ƙoshi, kayana sun daina shigata, kuma har na fara tunanin bari." Ka faɗi na ƙarshen nan musamman. Ko ta canza maka, ko ta gyara yawansa, ko ta ƙara maka wani da ke taimakawa wajen nauyi da sukari, wannan aikinta ne. Kai naka shi ne ka daina ce mata "lafiya lau" kamar gaisuwa kuke yi a bakin hanya.

Kana zaton daga nan na yi hankali? Ina! Daga duk bayanin likita, abu ɗaya na ɗauko na riƙe, wato ba laifina ba ne, magani ne. Sai na mai da shi lasisi. Idan mahaifiyarka ta ga na sayo lemo ta yi magana, sai in ce, "Ke ba ki ji abin da likita ta ce ba? Sinadari ne." Ta ce, "Sinadarin ne ya je kanti ya sayo?" Sauran bayanin, na tafiya a ƙafa da rage zaƙi da gwajin jini, duk na bar shi a kan bencin asibiti.

Gwajin ma abin dariya ne dalilin da ya sa na riƙa guje masa. An ce in zo da safe ban karya ba. Ni kuwa a lokacin, a ce in hau mota daga Roni zuwa Kazaure da ciki wayam, ji nake kamar an ce in je Makka a ƙafa. Sai in tsaya a tasha in sha koko da ƙosai, in na isa in ce, "Af, na manta na karya." In karɓi magani in gudo. Na yi haka ya fi a ƙirga. Ina ganin wayo nake yi wa ma'aikatan.

Sai ƙishirwa ta fara, ga yawan fitsari, ga gajiya. Na ce zafin bazara ne. Damina ta zo, zafi ya tafi, ƙishirwa ba ta tafi ba, na ce ai gona ce. A kasuwar Gwiwa na ji wani mai lasifika yana tallar garin magani mai narkar da teɓa da wanke ciki, na saya na sha, na yi kwanaki ina zarya bayan gida, teɓa tana nan inda take. Ana haka ƙaya ta soke ni a ɗan yatsan ƙafa wajen noma. Ƙaya fa, irin wadda tun ina yaro nake cirewa in ci gaba da tafiya. Wurin ya ƙi warkewa, ya kumbura, ya yi baƙi, ni kuwa ko zafin kirki ba na ji. Mahaifiyarka ce ta ji wari ta ce ko in tashi mu tafi asibiti ko ta kira Haruna. Da aka auna sukarina, ma'aikacin ya sake aunawa, don bai yarda da na farko ba. Sauran ka sani. Kai kake raka ni wankin ciwon, ka san yatsu nawa suka rage a ƙafar hagu.

Yanzu ga ni da magani kashi biyu, na kai da na sukari, ga na hawan jini a kai. Da na yarda an ɗebi jinina tun farko, da an ga abin yana tahowa tun yana nesa. Saboda haka duk ranar da aka ce ka zo ba ka karya ba, ka zo ba ka karya ba. Ka ɗauro dafaffen wake ko gyaɗa a leda, ana gama ɗibar jinin ka ci. A auna nauyinka, a auna faɗin cikinka, a duba sukari da maiƙo da hawan jini. Idan layi ya yi tsawo aka manta, kai ka tuna musu. Idan kuma ka ga ƙishirwa ta yi yawa, ko kana yawan fita fitsari, ko ciwo ya ƙi warkewa, kada ka tsaya ɗora wa bazara laifi. Kuma don Allah, wannan shayin rage ƙiba da abokanka suke turo maka tallarsa a waya, ka bar musu kayansu. Mai lasifikar Gwiwa ne ya koma cikin waya.

Game da abinci, ba zan ce ka zauna da yunwa ba. Na gwada, ba ta yiwuwa, ƙarshenta mutum ya rama da abin da ya fi muni. Abin da na koya da tsufana shi ne a cika cikin da abin da yake daɗewa. Wake yana riƙe ni fiye da burodi nesa ba kusa ba. Kwaɗon zogale ko na rama kafin tuwo yana sa malmala ɗaya ta yi aikin biyu. Miya ta fi tuwon yawa, ba tuwo ya fi miya ba. Fura ka sha abarka, amma ka ce kada a zuba sukari, bakinka zai saba. Lemon kwalba kuwa ka ɗauka ba a yi shi don irinmu ba. Idan ka gama ci ka ji kamar ba ka ci ba, ka tashi daga wurin, ka sha ruwa, ka fita ka yi alwala ko ka zaga. Sau da yawa saƙon ƙoshin yana zuwa, makara kawai yake yi. Wani lokacin kuma ba ya zuwa, sai haƙuri, ba zan yi maka ƙarya ba.

An ce min tsakanin ɗakinka da makarantar ba nisa. Ka taka da ƙafa. Na san ka, ko masallacin unguwa sai ka nemi babur. Na san kuma maganin yana sa nauyin jiki da safe, ba lalaci ba ne kaɗai, amma tafiyar ce take kore shi. Idan azumi ya matso, ka je ka tambayi likita yadda za ka riƙa shan maganin, kada ka tsara wa kanka. Kuma buɗa-baki ba ramuwar gayya ba ce.

Wani abin haushin ma a gidan nan yake. Bayan ka tafi na ga mahaifiyarka tana wanke babbar robar nan mai murfi. Na ce me aka yi da ita? Ta ce cincin da dubulan ta soya ta juye maka a jaka. Matar da ta fi kowa sanin abin da zaƙi ya yi min! Na ce, "Haba, ke kuwa?" Ta ce, "To yaro zai tafi baƙon wuri, in sallame shi hannu wofi?" Sai ta fara share ido da bakin mayafi, dole na bar maganar. Ka ga Inna ta rasu, amma ta bar mataimakiya. Kada ka ce mata na gaya maka. Ka kai kayan nan ofishin malamai ka ajiye a tebur, kowa ya ɗiba, ka yi farin jini da su. Kai ka ɗauki kaɗan don albarkar hannunta.

Ranar komawarka asibiti tana cikin watan gobe. Na je na roƙa an mai da tawa ranar ta zama ɗaya da taka. Ka nemi izini wurin shugaban makaranta tun yanzu, kada ka zo min da labarin jarrabawa. Za ka same ni a bencin ƙofar likita, ban karya ba, kai ma kada ka karya. Kafin ranar kuwa, ƙwaya ɗaya kada ka rage. Idan har ka riga ka fara ragewa, kada ka tsaya jiran wata, ka taho cikin satin nan, ba zan ce maka komai ba. To, zan ce, amma kaɗan.

Saura magana ɗaya. Mahaifiyarka ta gaya min abin da ka ce mata a ɗaki kana haɗa kaya, wanda ba ka iya faɗa a gabana ba. Ka ce, "Umma, ni ba na so in zama kamar Baba." Ta daɗe tana juya maganar kafin ta faɗa min, tana tsoron zan ji ciwo. Na ji, ba zan ce ban ji ba. Na fita na zauna a zaure har aka kira la'asar. Amma da na yi tunani sai na ga a duk rigimar nan, wannan ce magana ɗaya da ni da kai muka yi daidai a kanta. Ni ma ba na so, Nasiru. Ciwon ba ni na zaɓa maka ba, kuma ba ni da ikon cire maka shi. Sauran kuwa, duk abin da ka gani a jikina ka ƙi, ba ciwon ne ya yi min ba, kuma ba dole ne ya same ka ba. Ka je ka fi ni. Ba abin da zai faranta min rai kamar a ce ɗan Malam Sabo bai biyo shi ba.

Allah ya tsare min kai, ya tsare hankalinka da jikinka, ya ba ka haƙurin abin da ya ɗora maka. Allah ya sa yaran da za ka koyar su amfana da kai, ya kai ka lafiya ya dawo da kai lafiya duk inda ka sa ƙafa. Allah ya yi maka albarka.

Wassalam.

Mahaifinka,
Sabo